Rabon Karolina, Ruwan Montauk

...kuma wai na kai iyaka. Tun hantsi! Jefa koma biyu kacal, rabon kifin da doka ta ba jirgin jihar New York na yau ya cika, sauran sai a mayar teku. A mayar da me? Matattu ne. Ga su ina turawa da shebur, kifin fuluk manya-manya, shimfiɗaɗɗu kamar faifai, idanun nan biyu a gefe guda duk suna kallona — fararen cikkuna suna juyawa a ruwa, tsuntsaye na biki...

Kai kuwa, Yaya Lyman, ga jirginka can, ko jifa na yi sai ya same shi. Ruwa ɗaya. Kifi ɗaya. Uwa ɗaya uba ɗaya. Don kawai ka koma jihar Karolina can kudu ka yanki lasisinsu, kai kana loda, ni ina zubarwa?

Ɗazu a rediyon jirgi ka ce: "Noreen, ƙanwata, sadaka kike wa kaguwa ne?" Na yi dariya. Me ya sa na yi dariya?

An ce da aka yi rabon tsakanin jihohi, kifin a kudu yake. To ruwa ya ɗumama, kifi ya yi ƙaura, ya zo har ƙofar gidanmu a Montauk, nan New York — doka ce ba ta iya iyo ba?

Amma dakata... Baba. Shekarar da koma ke fitowa wayam, yana zaune a kicin da takalman roba a ƙafa, kofi ya huce. Su suka cinye kifin, shi da tsararrakinsa. Dokar nan ce ta dawo da kifin. Ni da bakina na faɗa a taron masunta, har aka yi mini ihu. To yanzu me nake cewa? A bar ta? A cire? A ba mu namu — namu daga na wa? Matan can da ke feɗe kifi a Karolina, matarka a ciki, su ci me?

Kaina ya kulle. Hannuna ya mutu da sanyi.

Ka fara juya jirgi. Kudu. Ba a yarda ka sauke a nan ba, ga tasharmu kana hango hasumiyarta, ga miyar Mama a kan wuta, amma sai ka kwana ka wuni ka sake kwana a teku kafin a karɓi kifinka. Kuma an ce iska na tafe daga gabas. Dubi yadda jirgin ya nutse don nauyi, Yaya... ruwa har yana lasar sunansa.

Tun safe nake ƙyashin lodin nan. Yanzu kuma tsoro yake ba ni...

Na danna rediyo. "Yaya?"

"Na'am, mai sadaka."

Yatsana na kan maɓallin. Cikinmu wa aka zalunta ne? Na san amsar da safe. Wallahi na san ta.