Adresse Mai D Ɗaya

Shekara shida Moutari yana jin kunyar kalma ɗaya. Lokacin da ya zo Greensboro ta Amurka daga Tessaoua ta Nijar, Faransanci ne cike da kansa, Turanci kuwa sai lallaɓawa. A haka ya rubuta wani ɗan laburaren soket, wato tarin umarnin da manhajoji ke ara idan za su yi magana da wata kwamfuta ta intanet. Aikin ya yi kyau, mutane suka yi ta ɗauka. Sai dai umarnin da ke karɓar adireshi, maimakon ya sa masa suna address, hannunsa ya rubuta adresse, d ɗaya da e a wutsiya, yadda malamin firamare ya cusa masa da bulala.

Duk wanda ya aiko masa da imel sai ya tsokane shi. Wani ma daga Jamus ya tambaya ko da dogon burodin Faransawa ake cin laburaren. Moutari mutum ne mai son a ce ya iya, abin ya tsaya masa a rai.

A 2005 ya yi sabon zubi, ya goge adresse ƙarƙaf, ya sa address. Ranar Asabar ya wuce shagon Alhaji Salifou a High Point Road, inda ake sayar da manja da gero da daddawa. A lungun shagon akwai tsohuwar kwamfuta da 'yan Nijar ke kiran gida da ita, da wata manhaja da Choji, wani mutumin Jos, ya gina a kan laburaren kafin ya koma Atlanta. Moutari ya ɗora mata sabon zubin, ya karkaɗe hannu ya tafi, ko gwadawa bai yi ba.

Kowace Lahadi ƙarfe sha ɗaya yake kiran innarsa. A can la'asar ce, tsohuwar takan tako da ciwon gwiwarta har gidan da ke da tarho, ta zauna jira. Idan bai kira ba, ba ta cin abinci sai ta ji dalili.

Lahadin nan ya zo shagon, ya sa abin ji a kunne, ya danna. Kwamfuta ta ce ita fa ba ta ga adresse ba, ta rufe.

"Tun safe haka take yi," in ji Alhaji Salifou. "Mutum huɗu sun juya. Amma jiya lafiyarta ƙalau, sai da wani injiniya ya taɓa ta."

Moutari ya yi kamar bai ji ba, ya kira Choji. Shi kuwa yana coci, ya fito bakin ƙofa yana raɗa.

"Ka canza layi ɗaya kawai a program ɗinka, ka turo mini," in ji Moutari.

"Wane program? Source code ɗin, wato asalin rubutun manhajar, ya bi tsohuwar laptop ɗina tun bara. Abin da ke wurin Alhaji shi ke nan a duniya. Kuma adresse ya sani, ba ya jin wani suna."

Agogo ya ce sha ɗaya da kwata. Moutari yana ganin innarsa a ransa zaune kan tabarmar mutane, ta ƙura wa tarho ido. Ya jawo buhun shinkafa ya zauna, ya buɗe laburaren. Layi uku ya ƙara: duk wanda ya kira adresse, a kai shi wurin address ba tare da an yi masa gori ba. A samansu ya rubuta gargaɗi cewa kada kowa ya goge, har da shi mai rubutun.

Sha biyu saura kwata layi ya shiga.

"Tari? Kai ne?"

Muryar Inna ta fito da ƙarfi daga abin jin har Alhaji Salifou ya ji, ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Tun Moutari yana rarrafe take kiransa haka, ta yanke masa suna ya koma sunan ciwo. Ya tsani sunan, ya yi faɗa a makaranta saboda shi, a nan kuwa ko matarsa Hindou ba ta san da shi ba. Amma jin muryar sai idonsa ya ciko.

"Na'am, Inna," ya ce. "Ni ne."