Gutsuren da Ya Faɗa Ƙuryar Idon Goggo

Goggo ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Keken ɗinkinta ma ta sha kwance shi, ba don ya lalace ba, sai don ta ga me ke juya me. Shi ya sa da aka gama yi mata aikin yanar ido, likita ya ja ni gefe, ni ɗan wanta da na kawo ta, yana magana ƙasa-ƙasa, sai ta ɗago kai daga gado.

"Idon nawa ne ko nasa? Ku matso nan."

Likita ya matso. Ya ce a cikin ido akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, shi ne ke yin yana, su kuma farfasa shi suke yi su zuƙe. To nata ya yi tauri, 'yar jakar da ke riƙe da shi ta yage, wani gutsure ya sulluɓe can ƙuryar ido. In aka bar shi zai jawo kumburi. Sai an sake shiga, kuma akwai wata likita da wannan ne aikinta.

Goggo kuwa cewa ta yi, "Au, ashe ido ma yana da ƙurya?"

A kwanakin jira idon ya yi jajir, yana mata zogi. Duk da haka sai ta zauna bakin taga tana karkata kai a hankali, wai wani ɗan duhu na yawo a ciki. "Ga shi ya yi hagu. Tsaya, ya dawo."

Ranar aiki ba a sa ta barci ba, idon kawai aka kashe. Ina zaune a kan bencin waje sai ga nas ta fito tana danne dariya.

"Lafiya?" na tambaya.

"Lafiya lau. Goggonka ce. Wai tana ganin inuwar kayan aikin a cikin idonta, tana tambayar wanne ne fitila, wanne ne mai ci. Sai da likita ta ce, Mama, in kina magana kanki motsi yake yi. Ita kuma Goggon ta ce to a riƙe mata tambayoyin."

Da aka fito da ita, ido a naɗe, hannu ta fara miƙawa. "Ina abin? A ba ni in gani."

Likitar ta ce na'ura ta niƙe shi ta zuƙe, babu abin da ya rage. Goggo ta janye hannunta, muka tafi gida.

Da muka koma dubiya, gani ya fara washewa, likitar ta juyo mata da kwamfuta. Ashe suna ɗaukar bidiyon aikin. Wani fili ya bayyana, ja-ja, jijiyoyi sun rarratsa shi, ga gutsuren kwance a tsakiya. Wani siririn ƙarfe ya matso, gutsuren ya yi tsalle ya manne a bakinsa, yana ƙanƙancewa.

Goggo ta kai fuska har tana neman taɓa gilashin.

"Ikon Allah. Tun da aka haife ni nake yawo da wannan wuri."

Nas ta leƙo ta ce mutane na jira a waje.

"Yanzu, 'yata," in ji Goggo. "Likita, ɗan mayar da shi baya, wurin da ya yi tsalle."