A Buɗe Mu Gani

Tun tana 'yar makaranta maruru ke fito wa Raudatu a hammata. Wannan ya fashe, wancan ya taso, rigunanta duk sun yi tabo. A garinsu Dayi har aka fara cewa kuturta ce, mata suka daina kawo mata ɗinki. Gwaggo, ƙanwar babanta da ta riƙe ta, ta fi kowa jin zafin maganar, don ita ake yi wa habaici a gidan suna.

Bayan an cire masara aka kai ta asibiti a Funtua, likita ya yanke wurin gaba ɗaya, bai ɗinke ba. Nas ɗin da ke mata wankin ciwon, Chinaza, haifaffiyar garin ce, Hausa a bakinta kamar ta Gwaggo. Ta ce ciwon daga ciki zai ciko. A wanke hannu da sabulu, a wanke ciwon da ruwan gishirin da ta ba su, a rufe, kada kowa ya buɗe sai lokacin canza bandeji. In ƙazanta ta shiga, sai an sake yanka.

Gwaggo ta ce to.

Suna isa gida 'yan dubiya suka cika tsakar gida, wata da kunu, wata da lemo. Inna Suwaiba, wadda ta fara yaɗa zancen kuturtar, ta gyara zama.

"Sannu 'yar nan. To a buɗe mu gani mana, ko abin ɓoyo ne?"

Raudatu ta dubi Gwaggo. Ita kuwa Gwaggo, da sauran garin tuwo a hannunta, ta ɗaga filastar. "Ku matso ku gani da idonku. Nama ne ja wur. Ina kuturtar?"

Suka matso. Wata har ta taɓa gefen da yatsa. Washegari ma haka. Duk wadda ta zo sai an buɗe mata, don a cewar Gwaggo ba a nuna wa wata a hana wata. Da Raudatu ta tuna mata maganar nas, sai ta ce ai don ita ake yi, so take masu ɗinki su dawo.

Ba a jima ba wurin ya fara wari, zazzaɓi ya rufe ta. Da aka mayar da ita asibiti, Chinaza ta buɗe bandejin, nan take ta tafi kiran likita. Yanka na biyu ya fi na farko faɗi, aka kuma ce ba lallai hannun ya riƙa ɗaguwa kamar da ba.

Ranar da aka sallami Raudatu, ta shige ɗaki ta sa sakata, ta zauna kusa da kekenta na ɗinki. Tana jin Gwaggo tana ba baƙi haƙuri, wai barci take yi. Sai ga muryar Inna Suwaiba a bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, amma yadda kowa zai ji.

"Wancan karon ai an nuna mana. Yanzu kuma me ya fito da ake kulle ƙofa?"