Nauyi a Bayan Mota

Dogo bakanike yana cin abincin rana a bakin garejinsa sai ga wata ƙaramar mota ta shigo tana jan gindi, tayoyin baya na gogar jikinta. Mutum biyu suka fito, direba mai tabo a goshi da wani ƙato.

"Maigida, duba mana bayan nan, sauri muke yi," in ji direban.

Dogo ya wanke hannu, ya durƙusa ya leƙa. Sifirin biyun da ke ɗauke da nauyin bayan motar ba su karye ba, dannewa kawai suka yi. Shokozoba ɗaya ce ta fashe tana yoyon mai, shi ya sa motar ke tsalle in ta faɗa rami. Amma wannan ba ya sa mota ta zauna haka. Sai nauyi.

"Me kuka ɗauko a but ɗin bayan nan?"

"Ba komai. Yi aikinka."

Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki. Ta yi ƙasa, ta yi sama, sai ya ji nishi daga ciki. Nishin mutum.

Kafin ya miƙe ƙaton ya kai masa naushi a baki, haƙora biyu suka zube. Dogo ya faɗi yana tofar da jini, hannunsa ya lalubo ƙarfen jak na ɗaga mota. Ya kwaɗa wa ƙaton a gwiwa, ƙashi ya yi ƙara, mutumin ya zube yana kururuwa. Direban ya zaro wuƙa ya luma wa Dogo a kafaɗa, ya faɗa mota.

"Jama'a, ɓarayin mutane!" Dogo ya kwarma ihu.

Direban ya fizgi motar da baya. Tana faɗa kwatar bakin ƙofa ta yi tsalle, ta ƙwace masa, ta daki ginshiƙi. Mai walda da mai facin taya, maƙwabtan Dogo, suka jawo direban ta taga, suka rufe shi da duka har 'yan sanda suka iso.

Da aka ɓalle but, wani dattijo aka samu da 'yarsa, a ɗaure, an cusa musu tsumma a baki. Ita tana numfashi. Shi kuwa ya riga ya cika.

"Baba, tashi, an buɗe," take ta cewa bayan an kwance ta, tana jijjiga shi.

Dogo ya jingina da bango yana jinta har aka ɗauke shi zuwa asibiti. Rauninsa ya warke, amma hannun nan bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba.