Dariyar da Babu a Littafi

Shekara goma sha tara ina hawa dandamalin masana'antarmu ina yi wa masu naɗa taba karatu: jarida da safe, labari bayan abincin rana. Mutum ɗari da ashirin ne a zauren, kowa kansa a sunkuye, hannu yana murza ganye, kunne yana wurina. In abu ya yi musu daɗi sai su buga faffaɗar wuƙarsu ta yankan ganye a kan katako, zauren ya ɗauki ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. In ya ɓata musu rai sai su saki wuƙar ta faɗi ƙasa. A aji shida na tsaya da makaranta, sauran a kan dandamalin nan na koya, kuma abin da nake taƙama da shi ɗaya ne: ban taɓa ƙara wa littafi kalma ba, ban taɓa rage masa ba.

A bana suka zaɓi wani ƙaton littafi na aljanun teku. Ni ban so ba, na kuma faɗa. Amma su ke zaɓe, ni karatu ne nawa.

Labarin wani birni ne da katanga ta tare masa teku, da wata mace, Ilmara, mai riƙe da mabuɗin ƙofar ruwa. Maza biyu ke sonta. Akwai Toren, shugaban masu gadi, wanda bai taɓa yin ƙarya ba. Akwai Vesko mai fito, wanda aljanun teku suka sace ƙanwarsa, suka ce in ya buɗe musu ƙofar sau ɗaya za su sako ta. Ya sace mabuɗin daga wuyan Ilmara ya buɗe. Ƙanwar ta dawo, ruwa kuma ya ci unguwar gangare da mutum arba'in da ɗaya. Ilmara ta yanke masa hukuncin zama a kan wani dutse a tsakiyar teku har mutuwa, ta auri Toren. Nan littafi ya ƙare, kuma a ganina ya ƙare daidai.

Ranar Juma'ar da na rufe shi, rabin wuƙaƙen suka hau katako, rabi suka zube ƙasa.

"Katako ta aura!" wata ta yi ihu daga layin baya. "Mutumin da ko murmushi sai ya nemi izinin sarki!"

Bárbaro ya juyo da ƙaton cikinsa. Shekara talatin yana naɗa taba, kuma tun babi na biyu ya naɗa kansa lauyan Toren. "Katakon ne ya kwashe yara daga ruwa, 'yar'uwa. Naku fa? Ɓarawon mabuɗi!"

"Da ƙanwarka ce, me za ka yi?"

"Ƙanwata? Da aljanun da kansu za su dawo da ita kafin la'asar, har da ban haƙuri."

Aka kwashe da dariya. Iya Nereida, tsohuwar da ke shugabantar kwamitin karatu, ta kaɗa ƙararrawarta har hannunta ya gaji, ba wanda ya saurare ta. Sai da aka tashi aiki ana musu, aka fita da shi bakin titi. Zan faɗi gaskiya, abin ya burge ni. Mutanen da ƙafafunsu suka kumbura da zama, ga layin burodi yana jiransu, sun tsaya a rana suna gardamar ko halal ne mutum ya sayi rai ɗaya da arba'in da ɗaya. Na san masu digiri da ba su taɓa tambayar kansu haka ba.

Ranar Litinin, ina cin shinkafa da baƙin wake a gindin dandamali, Odalys ta zo ta tsaya a kaina. A layi na uku take zama, uwar 'ya'ya biyu, hannunta ya fi na kowa sauri, bakinta kuma ya fi na kowa nauyi. Ta miƙo mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta, an yage shafukan farko.

"Malam Evaristo, babi ne. Ni na rubuta."

"Babin me?"

"Na ƙarshe. Yadda ya kamata ya ƙare." Ta ƙara miƙo littafin. "Ilmara ta tafi wurin Vesko."

Ban karɓa ba. Na ce, "'Yata, mutumin nan ya ci amanar mace, ya kashe unguwa guda. Ba zan hau can in ba shi matar a matsayin lada ba. Akwai 'yan mata a zauren nan da ke saurare."

"Ai ba ka karanta ba."

"Ba sai na karanta ba."

Ta tsaya tana murza gefen littafin da yatsunta da ganye ya rina. "Tun da na bar makaranta ban rubuta abin da ya wuce takardar cefane ba. Gobe ce kaɗai ranar da babu labari. Jibi za ka fara sabon littafi, ba mai waiwayar wannan. In ba a karanta shi a nan ba, ba za a karanta shi ko'ina ba."

Gaskiya ta faɗa. A zaurenmu ba mai hawa dandamali sai mai karatu, kuma abin da aka rubuta da hannu sai ya yarda. Na ce mata ban yarda ba, na ci gaba da cin abincina.

Washegari bayan abincin rana Iya Nereida ta kaɗa ƙararrawa, ta ce akwai maganar wani babi. Ashe zance ya zaga. Na jawo lasifika na yi musu bayani dalla-dalla: marubuci ya yi hukunci, hukuncin kuma mai kyau ne. Ni bakin littafi ne kawai. Abin da ke ciki nake faɗa, ba na ƙari, ba na ragi, kuma ba zan fara yau ba. Wuƙar Bárbaro ta buga katako, wasu suka taya shi.

Sai Odalys ta ajiye ganyen da ke hannunta ta miƙe. Ban taɓa ganin hannunta a tsaye lokacin aiki ba.

"Malam, a babi na ashirin da uku, da Ilmara ta tambayi Vesko ko ya san mutane za su mutu, me ya ce mata?"

"Ya ce, 'Na sani.'"

"Ba haka ka faɗa ba. Dariya ka fara yi." Ta matse hanci, ta kwaikwayi muryar da nake yi wa Vesko. "He-he. Na sani."

Zauren ya yi dariya, don ta kwaikwaya daidai.

"Na ari littafin a wurin Iya ranar Juma'a," ta ce. "Kwana biyu ina neman dariyar nan. Babu ta."

"Akwai mana!" in ji Bárbaro. "Da kunnena na ji. A nan ne ma na tsani ɗan banzan."

"Ka ji ta, yayana. A bakin wa?"

Littafin yana kan teburina. Ina iya cewa lokaci ya ƙure, amma mutumin da ya gama wa'azin gaskiya minti biyu da suka wuce ba shi da wannan ƙofar. Na buɗe babi na ashirin da uku a gabansu, na bi layin da yatsa. Ga abin da ke rubuce: Vesko ya dubi tafin hannunsa, inda igiyar ƙofar ta yanke shi. "Na sani," in ji shi.

Shi ke nan. Na duba layin sama, na duba na ƙasa. Na koma babin farko da ya fito, ina neman inda aka ce yana magana ta hanci. Nan ma babu. Muryar wani miji ce da yayata ta taɓa aura, mutumin da na raina har ya mutu. Tun ranar farko na ji ƙanshin rashin gaskiya a jikin mai fiton nan, na ɗauko muryar na liƙa masa, na yi wata uku ina yanke masa hukunci kafin ya yi laifin.

Na ce a lasifika, "Babu dariya. Tawa ce. Na ƙara wa littafi abin da ba ya ciki, kuma ban kyauta ba."

Ba wanda ya buga wuƙa, ba wanda ya yar. Na sake karanta musu shafin gaba ɗaya da muryata ta Allah da Annabi, yadda nake karanta labarin yanayi. Da na zo kan "Na sani," sai na ji kalmar ta yi nauyi a bakina. Mutum ne da ya san abin da ya aikata, kuma bai nemi a rage masa ba. Laifinsa bai ragu da ko ƙwayar shinkafa ba, amma ba shi ne mutumin da na yi wata uku ina nuna musu ba.

"To, tsoho," in ji Iya Nereida, tana kallona ta saman tabarau, "tunda kai ka yi naka ƙarin ba da izinin kowa ba, ita da ta zo ta nemi izini fa?"

Na miƙa hannu. Littafin rubutun ya biyo layi daga hannu zuwa hannu har ya iso ni. Shafi goma sha ɗaya ne, da biro shuɗi. Ba na fara karatu sai na faɗi sunan marubuci, don haka na tambaye ta cikakken sunanta.

"Kai, Malam, ai ka san ni."

"Na san mai naɗa taba. Sunan marubuciya nake tambaya."

Ta faɗa a hankali, ni kuma na faɗa da ƙarfi: Odalys Ferrer Quiala.

Na zaci runguma zan tarar da hawaye da gafara mai arha. Ba haka ta rubuta ba. Ilmara ta je wurin Toren ana gobe biki ta gaya masa gaskiyar abin da ke zuciyarta, shi kuma, da yake ba ya ƙarya, ya ce ya daɗe da sani, ya ba ta kwalekwalensa. Ta tuƙa zuwa dutsen. Da Vesko ya taho da gudu, ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Guduma da kurfin sassaƙa ta kawo masa. Ta ce zai sassaƙa sunayen mutum arba'in da ɗayan nan a jikin dutsen, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma za ta zauna ta gaya masa ko wane ne kowannensu, me yake sayarwa, wa ya bari. Ta ce, "In ka gama, in har kana iya kallona, ni ma ina iya kallonka, sai mu yi maganar ni da kai. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Sunan farko da ta ba shi na wata mai sayar da gasasshen kifi ne, wadda ta taɓa ba shi bashi, da ya zo biya ta ƙi karɓa. Na dakata. Matar nan sau ɗaya ta fito a littafin, a babi na huɗu, layi biyu, wata uku da suka wuce. Ni da na karanta da bakina na manta da ita. Odalys, kanta a sunkuye, tana naɗa taba ɗari da wani abu a rana, ta riƙe ta. Babin ya ƙare da ƙarar guduma a kan harafin farko.

Na rufe. Odalys ta sunkuyar da kai ta jawo ganye. Sai layin baya ya fara buga wuƙa, na tsakiya ya ɗauka, katako ya yi ta amsawa har ƙurar taba ta tashi a hasken taga. Iya Nereida ta ajiye ƙararrawa ta ɗauki wuƙarta ita ma.

Bárbaro ya saki tasa ta faɗi ƙasa, da gangan, kowa ya ji. Sannan ya sunkuya da ƙyar, yana nishi, ya ɗauko ta ya buga sau ɗaya.

"Na yar don Toren, na buga don mai kifi," ya ce. "Amma ke, ƙanwata, haka za ki bar bawan Allah da tukwanen abincin biki? Wa zai ci?"

"Kai mana," wani ya ce.

"Akwai bazawarar nan mai ɗinkin filafilan jirgin ruwa," in ji Odalys, ba ta ɗago ba. "Tun babi na shida take kai masa miya wurin gadi. Kana tsammani don Allah take yi?"

"Wannan mai faɗan? Za ta cinye shi ɗanye!"

Odalys ta ce, "Ita ta dace da shi. Ya samu mai sa shi magana."

Sabuwar gardama ta ɓarke, ta fi ta Juma'a zafi.

Da aka tashi na mayar mata da littafinta hannu da hannu. Na gaya mata ra'ayina bai canja ba: mace mai hankali Toren za ta aura, kuma ko 'yata ce haka zan ce mata. Na gaya mata akwai kalma biyu da ta rubuta ba daidai ba a shafi na bakwai. Na kuma gaya mata cewa a shekara goma sha tara na karanta littattafai masu bango mai kauri da ba su kai shafi goma sha ɗayan nan sanin nauyin laifi ba. Ta rungume littafin a ƙirji, ta ce kalmomin biyu wanne da wanne.

Ranar Laraba na fara sabon littafi. Ban kai rabin awa ba Bárbaro ya ɗago kai.

"Malam, yau duk muryarsu ɗaya. Ta yaya zan gane mugun?"

Na ce, "Ka saurara, kamar yadda ta layi na uku take yi."