Kafin Ƙarfe Huɗu

Uku da kwata kafinta ya shiga ofishin mai ba da rance, yayarsa na biye da shi rungume da jakar takardu. Tsohon gidan da suka gada suka jinginar, suka karɓi rancen wata shida don su gyara shi su sayar. An gyara, an samu mai saye. Yau wa'adi ke cika, ƙarfe huɗu kuma ake rufe ofis.

Akawu ya duba kwamfuta ya girgiza kai.

"Mai sayen gidanku ya turo kafin alƙalami, amma bai kai ba. Saura dubu talatin da uku da ɗari shida."

Kafinta ne ya yi lissafin, shi ya faɗa wa mai saye abin da zai turo.

"Malam, ai dubu ɗari tara da saba'in kuka ba mu."

"Miliyan ɗaya kuka ranta. Dubu talatin kuɗin buɗe rance ne, tun ranar farko aka cire. Ruwa kuwa a kan miliyan ɗin yake hawa, kashi biyu cikin ɗari duk wata."

"Har kuɗin da ban taɓa da hannuna ba?"

"Shafi na huɗu. Ga sa hannunka."

Yaya ta harari ƙanenta. "Ba ka ce ka karanta ba?"

"Na karanta mana, Yaya... sama-sama."

"In huɗu ta wuce fa?" ta tambayi akawu.

"Ruwan wata guda cur ya hau, ga dubu hamsin na ƙarin wa'adi."

Ragowar kuɗin gidan sai mako mai zuwa. Yaya ta kira mijinta sau uku, waya a kashe. Kafinta ya fita baranda yana share gumi, ya kira maƙwabcin shagonsa, wanda ya daɗe yana kwaɗayin injinsa na goge katako.

"Dubu sittin ka taya bara."

"Bara ke nan. Yau talatin da biyar."

Kafinta ya runtse ido. "Turo yanzu."

Huɗu saura minti shida kuɗin suka shigo. Akawu ya buga hatimi, ya miƙo takardar gida. Yaya ce ta karɓa, ta cusa a jaka, ta nufi bakin titi.

Ranar Litinin kafinta ya ɗauki katakonsa ya shiga shagon maƙwabci, ya tambayi nawa ake goge guda.