Turmi na Goma Sha Biyar

Rabin shinkafar da Aling Medy ta kai bakin mijinta ta dawo kan ƙirjinsa. Ta kwashe da gefen cokali, ta sake ɗebowa, ta jira haɓarsa ta daina rawa. Dado bai cika sittin ba, amma shekarun da ya yi yana dambe sun bar shi da hannuwa masu karkarwa da harshe mai nauyi. A bakin ƙofar kicin yake wuni, inda za ta riƙa ganinsa tana sallamar masu cin abinci.

Rana ta take, direbobin motocin haya na jifni masu bin layin Cubao sun cika shagon, an kuma koma gardamar da ba ta ƙarewa: wane ne gwanin gwanaye a damben masu nauyi.

"Tyson," in ji Boyet, wani direba mai ƙaton tumbi. "Kafin ka gyara zama ya kwantar da mutum."

"Ai na yanzu sun fi," wani ya ce daga can ƙarshen benci. "Ƙatti ne. In ɗaya ya miƙa hannu daga nan sai ya taɓo garin Marikina."

"Ku rufe mana baki," Temyong ya ce, bai ko ɗago daga kwanon namansa na adobo ba. Shi ne wan Dado, shi ya horar da shi tun yana saurayi, yanzu kuma yana horar da Renante, ɗan Dado da Medy ɗaya tilo. "Na yanzu rungume-rungume suke yi kamar masu bankwana a tashar jirgi. Tyson kuwa sai ya samu mai tsoronsa. Ni da idona na ga Ali da Frazier a nan Cubao, ina yaro. Zafin da ke cikin zauren nan ya isa ya dafa ƙwai, amma turmi goma sha huɗu suna jibgar juna, babu wanda ya ja baya. Waɗannan su ne maza."

"Amma dai Ali ya ci," in ji Boyet.

"Ba shi aka yi. Kocin Frazier ne ya cuce shi, ya hana shi fita turmi na ƙarshe wai don idonsa ya rufe. Ido! Da ni ne a kusurwar nan, ko makancewa ya yi sai na tura shi."

Medy ta sha jin wannan labari har ta haddace, kuma ta saba barinsa ya wuce ta kamar ƙarar motocin titi. Abin da ya tsayar da hannunta yau shi ne Renante. Yana zaune kusa da baffansa da dafaffen ƙwai ɗaya a gabansa, don yana rage nauyi saboda damben da zai yi ranar Asabar, yana gyaɗa kai ga kowace kalma.

Haka Dado ya riƙa gyaɗa wa wansa kai a dambensa na garin Iloilo. Tana da cikin Renante a lokacin, tana tsaye a kan kujera tana ihu a tsayar, har muryarta ta dishe. Dado ba ya ganin naushin da ke zuwa, ƙafafunsa sun zama kamar dafaffiyar taliya, amma duk ƙararrawar da aka kaɗa sai Temyong ya watsa masa ruwa ya tura shi. Ya gama a tsaye. A ɗakin sauya kaya ya zube, kuma mutumin da ya farka a asibiti ba shi ne wanda ta aura ba.

Ta ajiye kwanon da ƙarfi, ta fito tsakiyar shagon.

"Kuya Temyong, maimaita abin da ka ce."

"Hirar maza ce, Medy. Ƙaro mini miya."

"Ka ce ko makancewa ya yi sai ka tura shi. A gaban ɗana ka faɗa. Shi ma haka za ka yi masa ranar Asabar?"

Cokula suka tsaya. Temyong ya goge baki da bayan hannu. "Ke me kika sani a dambe?"

"Na san inda yake ƙarewa. Ni nake yi masa wanka kowace safiya."

Boyet ya yi ƙoƙarin kashe wutar da dariya. "To Aling Medy, raba mana gardama. Ke wa kika zaɓa, na da ko na yanzu?"

"Ku zaɓa, ku da ba a taɓa fasa wa leɓe ba," ta ce. "Kuna cin shinkafata kuna auna kawunan 'ya'yan mutane kamar kankana a kasuwa. Wannan ya fi jure duka, wancan ya fi jure duka. Wa ya taɓa tambayar wanda ke ɗaura musu igiyar takalmi in sun tsufa? Tsohon kocin nan na Frazier da kuke zagi, shi kaɗai ne mai hankali a zauren." Ta juya kan Temyong. "Ka yi mini alkawari, a gaban mutanen nan. In yaron nan ya jigata, ka jefa tawul a tsayar da damben."

"Nay, don Allah," Renante ya ce wa uwarsa a hankali, kansa a ƙasa.

"Ban taɓa jefa tawul ba," in ji Temyong, "kuma ba zan fara a kan jinina ba. Kina ta magana da bakin mijinki. Ga shi nan zaune, tambaye shi. Dado, na cuce ka a Iloilo?"

Kowa ya juya. Dado ya daɗe yana kokawa da harshensa, yawu yana taruwa a gefen bakinsa. Medy ta san wannan kokawar, ta san takan ɗauki lokaci, ta jira.

"Ban," ya ce, ya numfasa. "Ban faɗi ba."

Sai ya yi murmushi, irin wanda ta yi shekaru ba ta gani ba, ya ɗaga dunƙulen hannunsa mai rawa har kusa da kunne. Wani ya fara tafi, ya ga fuskarta, ya fasa. Renante kuwa yana kallon ubansa, idanunsa na ƙyalli.

Medy ta ji kamar ta kifar da tukwanen duka. Ta rasa wanda za ta fi jin haushi, wan ko ƙanen, ko ita da ta tsaya jiran wata amsa daban. Ta miƙa hannu ta ɗauke kwanon Temyong da sauran naman a ciki, ta juye a bokitin shara.

"Daga yau ba ka da kwano a shagon nan."

Temyong ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya fita ba tare da ya dube ta ba. Renante ya saɓa jakarsa ya bi shi.

"Renante."

Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka samo mini kujera a layin gaba, dab da kusurwarka."

"Nay, ai ba kya zuwa kallon dambe."

"Ba kallo zan je ba."

Ya dube ta, ya dubi baffansa da ke jiransa a tsallaken titi. Ya ratsa tsakanin motoci ya haye.

Medy ta koma bayan tukwane ta juya wa kowa baya. Can ta ji benci ya motsa, Boyet ya matsa kusa da na gefensa, ya sassauta murya yadda yake zaton ba za ta ji ba.

"Amma fa ka san da Tyson ne, ba za a ma kai turmi na uku ba."